SHARHI: Masu Otizam Ba Su Ƙi Abota Ba

A watan Afrilu na shekarar 2025, Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta ƙasar Amurka ta fitar da wani rahoto wanda ya nuna cewa, a wuraren da ta yi ƙidaya cikin 2022, yaro ɗaya daga cikin kowane 31 masu shekara takwas yana da lalurar nan ta otizam, wadda wasu kafafen labarai namu ke kira galahanga. Washegari sai Sakataren Lafiya na ƙasar a lokacin, Robert Kennedy ƙarami, ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce akwai yaran da cikinsu ba za su taɓa riƙe aiki ba, ba za su biya haraji ba, ba kuwa za su taɓa fita zance ba. Maganar ta tayar da ƙura. Manyan mutane masu wannan lalura, wasunsu da aure da 'ya'ya da aikin yi, suka yi ca a kansa, har daga baya ya ce yana nufin waɗanda abin ya fi tsananta a kansu ne kawai.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da cacar bakin Amurkawa. Ruwanmu kuwa shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum ɗaya cikin 127 a duniya yana da otizam, kuma babu wata ƙasa ko ƙabila da aka ɗauke wa. Yaro mai otizam yakan girma ya zama babba mai otizam. Ke nan suna nan a unguwanninmu da wuraren aikinmu da majami'unmu, yawancinsu ba wanda ya taɓa duba su a asibiti, sai dai sunayen da muka laƙa masu: miskili, mai girman kai, marar kara, wanda ba ya son mutane. Abin tambaya shi ne, da gaske ne ba sa son mutane? Me su da kansu suke cewa game da abota, da kuma game da mu sauran jama'a?

Da farko dai, otizam ba hauka ba ne, ba sammu ko iska ba, ba kuma laifin tarbiyyar iyaye ba. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun daga farkon rayuwa. Yakan bayyana a yadda mutum ke magana da hulɗa, da son bin tsari guda ba canji, da zurfafa sha'awa a kan wani abu, da kuma yadda ƙara ko haske ko taɓa jiki ke damunsa fiye da saura. Lalurar tana da faɗi ƙwarai: akwai wanda ba ya magana sam, yana bukatar kulawa muddin ransa, akwai kuma malamin jami'a. Yawancin bayanan da za mu kawo sun fito ne daga bakin waɗanda ke iya magana ko rubutu.

Zargin cewa ba sa son mutane yana da dogon tarihi. A 1943 wani likita a birnin Baltimo na Amurka, Leo Kanner, ya bayyana yara 11 da ya ce babbar alamarsu ita ce tsananin keɓewa. Ita kanta kalmar ta samo asali ne daga kalmar Helenanci mai nufin “kai”, wato mutumin da ya shige cikin kansa. A 1985 wasu masana uku a Landan, Simon Baron-Cohen da Alan Leslie da Uta Frith, suka yi wani gwaji da 'yan tsana biyu. Ɗaya ta sa ɗan dutse a kwando ta fita, ɗayar ta ɗauke ta mayar cikin akwati. Aka tambayi yara inda ta farkon za ta nema idan ta dawo. Daga cikin yara 20 masu otizam, 16 suka nuna akwatin, alhali ita ba ta ga an sauya ba. Daga nan ra'ayi ya kafu cewa mai otizam ba ya iya hango abin da ke zuciyar wani, don haka duk inda aka sami rashin fahimta, a gefensa matsalar take. Shekaru da dama ana binciken yara, likitoci da iyaye suna magana, su manyan kuwa ba a cika tambayarsu ba.

Masu iya magana suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1992 wasu masu otizam, ciki har da Jim Sinclair na Amurka da Donna Williams ta Ostireliya, suka kafa ƙungiyarsu ta kansu, kuma tun daga 1996 ƙungiyar ta riƙa shirya taron 'yan kwanaki wanda su ke tsarawa da kansu. A wurin taron kowa yakan rataya ɗan kati a ƙirji: ja na nufin a ƙyale ni yanzu, rawaya na nufin sai wanda na ba izini, kore kuwa na nufin ina son hira, zo ka fara. Ku duba fa, mutanen da aka ce sun ƙi jama'a su ne suke biyan kuɗin mota da jirgi domin su zauna da juna. Abin da suka gyara kawai shi ne ƙa'idojin zaman.

Idan aka tattara abin da suke faɗa a littattafansu da hirarrakin da masana suka yi da su, za a ga wasu abubuwa na maimaituwa. Da yawansu sun fi son abokai kaɗan na ƙwarai a kan taron sanayya. Abotarsu takan ginu a kan wani abu da ake yi tare. Alal misali, Temple Grandin, shehiyar malama a fannin kiwon dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, ta sha bayyana cewa abokanta ta hanyar aiki da sha'awa guda ta same su. Suna ɗaukan faɗin gaskiya kai tsaye a matsayin alamar ƙauna, haka ma doguwar hira a kan abin da suka ƙware a kai, domin a wurinsu kyauta ce suke miƙa maka. Zama wuri guda shiru, kowa na harkarsa, zumunci ne cikakke a gare su. Bugu da ƙari, da yawa sukan ce ko sun yi shekara ba su ji daga aboki ba, matsayinsa yana nan yadda yake.

A nan ne muke karo da su. Mu a wurinmu zumunta a ƙafa take. Wanda bai zo gaisuwa ba, bai leƙo biki ba, ya yanke zumunci. Gaisuwarmu doguwa ce, a tambayi gida da aiki da gajiya, amsar kuma kullum “lafiya lau” ce ko da mutum bai runtsa ba. Mukan ce “ba komai” alhali akwai komai. Mukan yi wa baƙo tayin abinci muna sa ran ya ce ya ƙoshi. Mu mun san wannan kara ce da kawaici. Shi kuwa mai otizam yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta, sai daga baya ya ga an ɗaure masa fuska, bai san laifin da ya yi ba. Shi ya sa da yawansu ke kwatanta zama da mu da zama a baƙuwar ƙasa inda kowa ya san doka amma ba wanda ya rubuta ta. Suna kuwa jin zafin kaɗaici. Wani bincike na 2014 a Amurka a kan manya 108 masu otizam ya nuna cewa kaɗaici na tafiya tare da damuwa da fargaba, kuma waɗanda ke da abokai na kusa ba su kai saura jin kaɗaicin ba.

A 2012 wani masanin zamantakewa a Ingila, Damian Milton, wanda shi kansa mai otizam ne, ya juya tambayar. Ya ce idan mutum biyu masu bambancin yadda suke ganin duniya suka kasa fahimtar juna, gazawar ta biyun ce. Idan mai otizam ba ya karanta mu, mu ma ba ma karanta shi. Bambancin kawai shi ne mu ne masu yawa, don haka namu ba a kiransa cuta.

Bincike ya ba wannan ra'ayi ƙarfi. A 2017 Noah Sasson da abokan aikinsa a Dalas ta jihar Tekzas suka nuna wa mutane hotunan bidiyo na 'yan daƙiƙoƙi na masu otizam da marasa shi, ba tare da an faɗi waye wane ba. Nan take masu kallo suka nuna ba sa sha'awar hira ko zama da masu otizam. Amma da aka ba su kalmomin kawai a rubuce, ba murya ba fuska, sai bambancin ya gushe. Wato ba abin da suka faɗa aka ƙi ba, yanayin murya da motsin jiki ne suka sa aka rufe ƙofa tun ba a yi sallama ba. Mun saba cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to a kan waɗannan bayin Allah fuska takan ba da labarin ƙarya.

A 2020 kuma, Catherine Crompton ta Jami'ar Edinbara ta jera manya 72 a layi tara, mutum takwas-takwas, ana ba na farko ɗan labari ya faɗa wa na biyu, haka har na ƙarshe. Layin masu otizam zalla ya riƙe labarin daidai da layin marasa shi. Layin da aka gauraya ne ya fi zubar da shi. Da aka sake gwajin da mutum 311 aka buga sakamakon a 2025, ba a sami wannan bambanci a layin gauraye ba, don haka bai kamata a zafafa a kan sakamakon farko ba. Abin da ya tsaya a duka biyun shi ne masu otizam na isar da saƙo a tsakaninsu kamar kowa. Gwaji na biyun ya ƙara nuna cewa idan aka sanar da mutane wanda suke hira da shi, jituwa takan ƙaru.

Duk da haka, har yanzu gefe guda ne ke ɗauke da kayan. Domin a karɓe su, da yawa sukan haddace gaisuwa da barkwanci tun daga gida, su tilasta wa kansu kallon ido, su danne motsin da ke kwantar masu da hankali. Wani bincike na 2017 a Ingila a kan manya 92 ya nuna cewa babban abin da wannan ɓoye kai ke jawowa shi ne matsananciyar gajiya, da jin cewa abokan ma ba su san ainihin mutumin ba. Kafin nan, a 2014, cikin manya 374 da aka gano lalurar tasu a wani asibiti a Kambirij, kashi 66 cikin ɗari sun ce sun taɓa tunanin kashe kansu. Wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ya kamata mu fi kowa gane cewa waɗannan dokokin hulɗa al'ada ce kawai. Bature yakan ɗauki rashin kallon ido a matsayin alamar matsala, mu kuwa yaron da ya ƙura wa babba ido shi ne marar kunya. Abin da yake ladabi a Kaduna yana iya zama laifi a Landan. Ba muna cewa kada mai otizam ya koyi gaisuwa da ladabin garinsu ba; koyon zai amfane shi, yana kuma kāre shi daga miyagun da ke fakewa da abota su cinye masa kuɗi. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nijeriya ta sami dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman tun Janairun 2019, sai dai doka ba ta iya sa maƙwabci ya yi abota da maƙwabcinsa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa, musamman dattawa da shugabannin zumuntar mata da ta matasa, da mu ɗauki namu rabin. Mu faɗi abin da muke nufi a fili: in muna son ya zo, mu faɗi rana da lokaci, in ya ɓata mana rai, mu gaya masa abin da ya yi maimakon mu ƙaurace. Wanda ya fita waje saboda ƙarar lasifika, ko ya bar wurin biki da wuri, kada a ce ya raina taro. A ba shi aikin da ya iya, ko lissafin kuɗi ne ko gyaran na'ura ko kiɗa, domin ta nan abotarsa ke tsirowa. In ya daɗe bai leƙo ba, mu mu je. Iyalan da ke zaton ɗansu ko 'yarsu na da wannan lalura kuwa, su nufi asibitin koyarwa ko asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa domin a duba, ko da ya riga ya girma. Fiye da kome, mu tambayi mutumin da kansa irin zaman da ya fi masa daɗi, mu kuma yarda da amsar da ya ba mu.