A Auna Hanyar Ruwa Kafin A Yanka Fegi A Kongolam

Kowa ya san labarin Kusugu, yadda mutanen Daura ba su samun ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Ashe tun zamanin Daurama an san gari ba ya zaunuwa sai da ruwa.

To, ga Kongolam a bakin iyakar Nijar, bisa hanyar Daura zuwa Damagaram, mashigar fatake da manyan motoci. Irin wannan wuri ba ya rasa masu neman fegi. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa rabon filin karkara ga Ƙaramar Hukuma, watau nauyin nan yana wuyan Mai'aduwa.

Mu dai a ganinmu, a gyara taswirar garin tun yanzu. A keɓe hanyar bututun famfo da ta lambatu kafin a yanka wa kowa fegi. A hana haƙa salga in ba ta yi nisan mita 30 da rijiya ba, gama ta nan amai da gudawa ke shiga gida. In aka bari sai gini ya tashi, sauran rushe-rushe da biyan diyya da ƙara gaban alƙali.

Malaman makaranta da akawuna, ku ne idon jama'a. Ku fahimtar da dagatai da masu unguwa. Rigakafi ya fi magani.