Yaron da Ya Zana Tulu Sau Biyu

A kowane aji na makaranta akwai yaran da ke murna idan lokacin zane ya yi, akwai kuma waɗanda gabansu ke faɗuwa. Waɗannan na biyu sukan ce, "Zane baiwa ce. Wanda Allah ya ba, ya ba shi. Wanda bai samu ba, ko ya shekara yana fama ba zai iya ba." Da wannan magana sukan ajiye fensir, su naɗe hannu, su zuba wa 'yan'uwansu ido. Maganar nan tana da ƙamshin gaskiya, amma kuskuren da ke cikinta ya fi gaskiyarta yawa. Labarin wani yaro ɗan aji huɗu zai nuna haka.

Ran da aka fara darasin zane a farkon shekara, malaminsu ya shigo aji da tulu, ya ɗora shi bisa tebur kusa da taga. Ya ce, "Kowa ya zana abin da ya gani." Yaron nan ya dubi tulun sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya yi ta jan fensir har ya gama. Da ya ɗaga takardarsa, sai ya ga abin da ya zana ba shi da maraba da kabewa. Cikin ya karkace gefe guda, wuyan ya yi tsawo kamar na buta, bakin kuwa ya kewaye sosai kamar faifai. Abokinsa da ke zaune kusa da shi, wanda kowa ya san yana da hannu, ya leƙo, ya ƙyalƙyale da dariya. Sauran yara suka taya shi.

Kunya ta rufe yaron. Ya kama takardar zai yage, sai malam ya riƙe hannunsa, ya ce, "Kada ka yaga. Rubuta sunanka da kwanan wata a ƙasa, ka kawo mini." Malam ya karɓi takardun yara duka, masu kyau da marasa kyau, ya sa cikin akwati, ya kulle.

Da yaron ya koma gida, ya tarad da ubansa zaune a zaure yana ɗinkin babbar riga, don sana'arsa ke nan. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ni ba ni da hannun zane. Yau har dariya aka yi mini." Uban bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "To, mene ne abin damuwa? Zane ai wasan yara ne. Ka mai da hankali ga lissafi da karatu, su ne za su amfane ka." Daga ran nan yaron ya yanke shawara ya bar zane. Mako biyu yana zama a aji da farar takarda a gabansa, bai ja ko layi ɗaya ba.

Malam ya lura da shi. Wata rana da aka tashi tara, ya kira shi, ya tambaye shi, "Ran nan da ka zana tulu, sau nawa ka dube shi?" Yaron ya ce, "Sau ɗaya, Malam." Malam ya ce, "To, ka ji inda cutar take. Tulun da ke cikin kanka ka zana, ka bar na kan tebur. Hannunka lafiyarsa lau, idonka ne bai koyi aiki ba tukuna."

Daga nan aka shiga koya wa ido aiki. A zango na farko yaron ya koyi awo da fensir. Yakan miƙa hannu sosai, ya rufe ido ɗaya, ya sa babban yatsa ya auna tsayin abu a jikin fensir, sa'an nan ya kwantar da fensirin ya gwada da faɗinsa. Da haka yakan san wanne ya fi, tsayi ko faɗi, tun bai fara zane ba. Ya kuma gane wani abin mamaki. Bakin tulu kewayayye ne, amma wanda ya dube shi daga gefe ba zai gan shi a kewaye ba, zai gan shi kamar ƙwai a kwance. In mutum ya ƙara durƙusawa, sai bakin ya ƙara tsukewa, har ya koma kamar layi guda. Malam ya hore su kuma su riƙa fara zane da layi marar ƙarfi, don in an yi kuskure a goge ba tare da takarda ta huje ba.

A zango na biyu aka koya musu inuwa da nisa. Yaron ya lura cewa gefen tulun da ke wajen taga yana da haske, ɗaya gefen kuwa yana da duhu, inuwarsa kuma tana faɗuwa ne nesa da inda haske ke fitowa. Da ya fara shafa fensir a gefen duhun, sai tulun takarda ya yi ciki kamar na gaske. Wata safiya malam ya fitar da su bakin hanya, ya nuna musu jerin itatuwan darbejiya. Duk girmansu kusan ɗaya ne, amma na nesa ya fi na kusa ƙanƙanta a ido, hanyar kuma tana ƙara tsukewa har gefunanta biyu su yi kamar za su haɗu.

A zango na uku aka zo kan launi. Malam ya ba su launi uku kaɗai, watau ja, da shuɗi, da rawaya. Suka haɗa shuɗi da rawaya, kore ya fito. Suka haɗa ja da rawaya, suka sami ruwan goro. Suka haɗa ja da shuɗi, suka sami shunayya. Yaron ya ɓata takardu da yawa kafin ya san gwargwadon ruwan da za a zuba.

Da shekara ta zo ƙarshe, malam ya sake shigowa da tulun nan, ya ajiye shi inda ya ajiye shi da farko. Yara suka zana. Da suka gama, ya buɗe akwati, ya mayar wa kowa takardarsa ta farkon shekara, ya ce su jera biyun su duba. Yaron ya daɗe yana kallon nasa. Ya ce a ransa, "Ashe hannun nan guda ne ya yi duka biyun! Da na yage na farko, da yau ba ni da abin da zai shaida mini na ci gaba. Da na bar zane ran da aka yi mini dariya, da har yanzu kabewa nake zanawa. Gindin wannan sabon bai zauna daidai ba, amma yanzu na san abin da ya ɓace, na kuma san yadda zan gyara."

Sai ya waiga ya dubi takardun abokinsa. Har yanzu zanen abokin ya ɗan fi nasa kyau, amma tulunsa na farko da na ƙarshe kamar tagwaye suke. Ya dogara ga baiwarsa, kullum shi ke fara gamawa, ba ya awo, ba ya sauraron gyara. Inda shekara ta same shi, nan ta bar shi.

To, tsakanin yaran nan biyu, wa ya fi amfana da darasin zane? Lalle na farko ne. Gaskiya ne akwai baiwa, wani yaro yakan fara da sauƙi fiye da wani. Amma an gina makaranta domin a koyi abin da ba a iya ba, saboda haka ma'aunin ɗan makaranta shi ne nisan da ya yi daga inda ya tashi. Yaron da ke auna kansa da na kusa da shi kullum, ɗayan biyu zai same shi. In ya ga an fi shi, ya karai. In ya ga ya fi, ya yi girman kai ya daina ƙoƙari. Wanda ke auna aikinsa na yau da nasa na jiya kuwa, kullum yana da abin gyarawa, yana kuma da abin murna. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi.

Ko manyan gwanaye ma ba su ƙi koyo ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, an haife ta a garin Kwali a ƙasar Gwari. Tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane wurin wata 'yar'uwar iyayenta, tana yi musu ado da zane. Tukwanenta sun yi kyau har Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, yana ajiye su a gidansa. Duk da haka, a shekarar 1954 ta shiga makarantar koyon ginin tukwane da wani Bature mutumin Ingila, Michael Cardew, ya buɗe a Abuja ta dā, garin da yanzu ake kira Suleja. Can ta zauna kamar sabuwar ɗaliba, ta koyi gini a kan na'urar da ke juya yumɓu. Daga baya ta je Ingila da Amurka tana nuna aikinta. Ta rasu a 1984, sunanta bai ɓace ba.

Tutar Nijeriya ma ɗalibi ne ya zana ta. Sunansa Taiwo Akinkunmi, yana karatu a Landan sa'ad da zanensa ya ci gasa a 1959. A zanen da ya aika akwai jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasa suka cire ranar, suka bar kore da fari da kore, aka ɗaga tutar ran 1 ga Oktoba, 1960. Wannan zane ne da ya zo na ɗaya, amma bai tsira daga gyara ba. Yaron da malam ya gyara wa layi ɗaya a aji ba shi da dalilin fushi.

Saura maganar masu cewa zane wasa ne. Wanda ya zaga cikin birnin Zariya ko Kano zai ga zane a fuskar gidaje da ƙofofin zaure, aikin magina. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin ƙarni na 19, aikin mutum ne da ya san awo da siffa. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani akan yi wa allonsa zayyana. Dukawa suna zane a jikin fata, masu gyaran ƙwarya suna yi a jikin ƙwarya. A yau kuma ba a gina asibiti ko gada sai an fara zana su a takarda ko a kwamfuta. Taswirar da ke rataye a bangon aji ita ma wani ne ya zauna ya zana ta. Yaron da ya koyi duba abu da kyau kafin ya zana shi, zai yi amfani da idon nan a darasin kimiyya, da gona, da kowace sana'a.

Saboda haka ya kamata kowane ɗan makaranta ya riƙe abu uku. Na ɗaya, ya dubi abin da zai zana fiye da yadda yake duban takardarsa. Na biyu, kada ya yage zanensa kome muninsa, ya rubuta kwanan wata a kai, ya adana. Na uku, kada ya yi wa ɗan'uwansa dariya, domin dariya ɗaya ta isa ta raba yaro da abin da zai ci abinci da shi wata rana. Malamai kuma ya kyautu su riƙa ajiye aikin yara, su nuna musu a ƙarshen shekara, gama gani ya kori ji.

Ran da aka ba da hutu, yaron ya kai takardunsa biyu gida, ya shimfiɗa su gaban ubansa. Uban ya ajiye allura, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya yi shiru. Sai ya tuna cewa kowace riga da zai yi wa aska takwas, sai ya fara kai ta wurin mai zane ya fitar masa da adon a jikin yadi, ya biya shi, sa'an nan ya bi layin da zare. Ya jawo wani ƙyalle fari ya miƙa wa ɗansa, ya ajiye masa tsohuwar riga a gabansa, ya ce, "Gwada mini wannan in gani."

Yaron ya daɗe yana duban rigar kafin ya sa hannu. Ya auna, ya ja layi marar ƙarfi, ya zana asake takwas ɗin. Biyu daga ciki sun fi sauran tsawo, ɗaya kuma ta karkace. Ya nuna wa ubansa inda ya kuskure tun kafin a faɗa masa. Sa'an nan ya rubuta kwanan wata a gefen ƙyallen, ya naɗe shi, ya sa cikin jakarsa tare da tulunan nan biyu.