Tsakanin Bakin Rami da Baƙin Rami

Jama'a, kafin in ce komai bari in fara tona wa kaina asiri, don kada wani ya riga ni. Ni ba Bahaushe ba ne. Mutumin Bajju ne ni, a Kafanchan aka haife ni, da harshen Jju na buɗe baki, Hausa kuwa a kasuwa da filin ƙwallo da unguwar reluwe na tsince ta. Duk wanda ya san Hausarmu ta kudancin Kaduna ya san ba mu cika wahalar da maƙogwaro ba. A wurinmu kafa da ƙafa duk ɗaya ne, haka ma bari da ɓari. Shekara uku ke nan malamanmu na wannan sashe suna fama da ni a kan haruffa masu ƙugiya, amma har yau in na yi sauri sai Hausar gida ta dawo, don hali zanen dutse ne.

Rannan a ajin fassara malam ya ce kowa ya nemo labarin kimiyya guda ya mayar da shi Hausa. Ni kuwa sai na ɗauko labarin hoton nan da masana sararin samaniya suka fitar a ranar 10 ga Afrilu, 2019. Na miƙe da ƙarfin gwiwata na ce, "A karon farko masana sun ɗauki hoton bakin rami." Kafin in rufe baki aji ya kece da dariya. Wani abokina Bakano ya ce, "Malam, wane ramin? Na gafiya ko na kan titi?" Malam ya tsawatar, sannan ya gyara mini cewa baƙin rami ake cewa, da ƙa mai ƙugiya. Na zauna kunya ta rufe ni.

Sai da dare ya yi na sake karanta labarin a natse, sannan na gane cewa kuskuren nan nawa ya fi gyaran kusa da gaskiya. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Mene ne baƙin rami?

Idan tauraro mai girman gaske, wanda ya ninka ranarmu nauyi kamar sau ashirin ko fiye, ya cinye makamashin da yake ƙonawa, sai ya kasa ɗaukar nauyin kansa, cikinsa ya rufta, ya dunƙule a ɗan ƙaramin wuri. Ƙarfin jawowar da ke wurin yakan kai matsayin da ko haske, wanda ke gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, ba ya iya kuɓuta. Tun da kuwa ido ba ya ganin komai sai da haske, abin da haske bai fito daga cikinsa ba ba a ganinsa. Don mai karatu ya gane irin matsin da ake magana a kai, da za a mayar da ranarmu baƙin rami, sai an matse ta faɗinta ya koma kilomita 6 kacal, wato bai ma kai tafiyar Kafanchan zuwa Kagoro ba. Duniyarmu kuwa, da duwatsunta da tekunanta, sai ta koma kamar ƙaramin goro.

Akwai wata iyaka da ta kewaye shi. Mu 'yan Kafanchan ba mu da wahalar gane ta, domin muna da ruwan Matsirga. Wanda ya faɗa kogi can sama, nesa da inda ruwan ke zubowa, yana iya yin iyo ya fita. In ya matso kusa sai ya ƙara ƙoƙari. Amma akwai wani wuri da in ya wuce shi, gudun ruwan ya fi ƙarfin kowane gwanin iyo, ba sauran komowa. To haka wannan iyaka take, sai dai a nan haske ne gwanin iyon.

Yanzu a dubi hoton 2019. Abin da ke cikinsa zobe ne mai launin garwashi, da duhu a tsakiya. Zoben nan iskar gas ce mai tsananin zafi da ke kewaya abin, duhun kuma inuwarsa ce. Shi kansa baƙin ramin ba ya ɗaukuwa a hoto. Ashe ke nan abin da masana suka ɗauka shi ne bakin rami, kamar yadda ɗan Bajju ya faɗa aka yi masa dariya!

Wannan na hoton yana tsakiyar wani garken taurari da ake kira M87, nauyinsa ya ninka na rana sau biliyan shida da rabi, haskensa kuma ya yi shekara miliyan 55 a hanya kafin ya iso mu. Sai da aka haɗa na'urorin hangen nesa guda 8, a Cile da Meziko da Sifen da Amurka da ƙurewar kudancin duniya, suka yi aiki tare kamar ido ɗaya mai girman duniya. Ko ɗaya daga cikinsu ba a Afirka take ba. A watan Mayu na 2022 kuma aka fitar da hoton wanda ke tsakiyar namu garken, mai nauyin rana miliyan 4. Hasken da ya ba da wannan hoto ya baro can kimanin shekara 27,000 da suka wuce. Gumakan yumɓun Nok da muke alfahari da su a ƙasar Jaba, waɗanda aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza, ba su wuce shekara dubu biyu zuwa dubu uku ba. Lokacin da magininsu ke kwaɓa laka, hasken nan ya riga ya ci kusan duk tafiyarsa.

Matsalar sunan

A ganina sunan "baƙin rami" yana da lahani uku. Na farko, fassarar kalma da kalma ce daga Ingilishi, kuma ko a can sunan bai daɗe ba, don sai a 1967 wani masani Ba'amurke mai suna John Wheeler ya yayata shi. Abin ba rami ba ne. Rami wuri ne da aka kwashe abin cikinsa, wannan kuwa wuri ne da aka cusa kaya fiye da kima. Na biyu, kalmar baƙi tana da kaya a Hausa. Muna da baƙin ciki, baƙin jini, baƙar aniya, baƙar magana. Tsohuwa in ta ji an ce akwai baƙin rami a sama, tunaninta zai tafi ga wata masifa da ke jiran ta haɗiye mu. Alhali kuwa ranarmu ba ta da nauyin da za ta zama haka, kuma ko da za a musanya ta da baƙin rami mai nauyinta, duniya za ta ci gaba da kewayarta yadda ta saba, sai dai duhu da sanyi su hallaka mu. Na uku, yawancin masu rubuta Hausa a waya ba sa sa ƙugiya, miliyoyin masu jin Hausa irina kuma ba sa furta ta. Sunan da ma'anarsa ta rataya a kan ƙugiya ɗaya tilo, kullum yana cikin haɗari.

Da ni za a tambaya, "dunƙulen duhu" zan ce, domin duk wanda ya taɓa ganin dunƙulen daddawa ya san abu ne da aka matse wuri guda. Iyakar nan kuma in kira ta "gaɓar ba-komowa". Ban ce dole a karɓa ba. Kalma ba a naɗa ta da takarda, bakin jama'a ne ke naɗa ta. Lokacin da layin dogo ya iso Kafanchan wajajen 1927 ya mayar da ita mahaɗa, ba wani kwamiti da ya zauna, amma "jirgin ƙasa" ya zauna daram har yau. "Tauraron ɗan'adam" da "kumbo" sun karɓu. "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" kuwa ta sha kaye a hannun "kwamfuta", saboda tsawonta. Abin da nake so kawai shi ne a yi gardamar, kuma a nan sashen ya kamata a yi ta.

Me ya kai mu?

Na san wani zai ce, mu da ba mu da tsayayyar wutar lantarki, mu da cuta ta cinye mana gonakin citta a daminar 2023 daga Kachia har Jaba, me ya kai mu zancen abin da ke nisan shekara miliyan 55? Ba a ƙoshi ba ana zancen lashe hannu? Tambaya ce mai nauyi, kuma ni ma ɗan manomin citta ne.

Amsata ta farko tana cikin aljihun mai tambayar. Lissafin da Albert Einstein ya fitar a 1915, wanda daga cikinsa aka hango yiwuwar baƙin rami, shi ne ya nuna cewa agogo ba ya tafiya daidai a sama da ƙasa. Agogon da ke cikin taurarin ɗan'adam masu nuna mana hanya a waya yana riga na ƙasa da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba a kowace rana. Da ba a gyara wannan bambanci, taswirar waya za ta riƙa kaucewa da kimanin kilomita 10 a kullum. Ke nan ɗan acaɓan da ke bin taswira yana cin moriyar ilimin baƙin rami bai sani ba.

Ta biyu, kuɗinmu ya riga ya hau sama. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa a 1999. A watan Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha. A watan Mayu na 2007 aka harba NigComSat-1 daga ƙasar Sin, ya daina aiki a Nuwamba 2008 saboda matsalar fukafukansa masu tara hasken rana, aka maye gurbinsa a Disamba 2011. Dukiyar jama'a ce wannan. Amma manomin da bai taɓa jin an bayyana masa aikin tauraron ɗan'adam da harshen da yake ji ba, yaya zai tambayi wakilinsa amfanin da gonarsa ta samu? Wanda bai san an yanka ba, ba ya neman kasonsa.

Ta uku ita ce ta fi damuna. Ina yaro a watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, aka tashe mu da tsakar dare aka ce kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha. Mun yi. Unguwa duka ta yi. Daga baya aka ji rahoton mutanen da aka kwantar a asibiti, har da waɗanda suka rasu. A 2020 kuma aka yi ta yaɗa cewa turakun sadarwa na 5G ne ke kawo korona. Abin lura shi ne, a wurinmu jita-jita da Hausa take zuwa, cikin muryar da mahaifiyata ke ganewa, gyara kuwa sai ya zo da Ingilishin da ba ta ji, bayan kwana biyu. Mahaifiyata ba ta da ƙarancin hankali. Matar da ke duban sama ta faɗa maka ko ruwa zai sauko kafin la'asar, za ta gane yadda cuta ke yaɗuwa in an yi mata bayani da harshen da take ji. A kudancin Kaduna, inda Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Fulani ke haɗuwa a kasuwa ɗaya, wannan harshe Hausa ne. Harsunanmu na gida su ma suna yunƙurawa, don Tyap ta samu Wikipedia tata a 2022, amma a yanzu Hausa ce gadar da kowa ke bi.

Aiki ya rage namu

Ba mu ne farau ba. Tun a 1949 Rupert East da Abubakar Imam suka fara fitar da littattafan Ikon Allah, suna bayyana halittu da yanayin duniya da Hausa. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai mai karatun Hausa sararin samaniya. A 1990 Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi, wanda da irinsa muke nazarin nahawu da adabi a yau ba tare da aron baki ba. Kafin su duka, Bahaushe ya riga ya raɗa wa taurari suna: ga Zara matar wata, ga Gamzaki, ga Kaza da 'ya'yanta. Harshen da ya yi wannan ba zai gaza a kan dunƙulen duhu ba. In an gaza, mu muka gaza.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko ga 'yan uwana ɗalibai masu neman batun kundin kammala digiri. Karin magana da waƙoƙin makaɗa suna da daraja, amma an yi su an maimaita. Me zai hana wani ya tsallaka zuwa sashen fiziya ko na nazarin ƙasa, ya zauna da ɗalibansu, su kawo ilimin mu kawo harshen, a tattara kalmomi ɗari a gwada su a kan mutanen kasuwa a ga wadda za ta zauna? Na biyu ga masu tace wannan mujalla, da su ware shafi ɗaya a kowace fitowa don bayanin wani abu na kimiyya da Hausar da ɗan firamare zai gane.

Na gwada nawa a gida lokacin hutun da ya wuce. Na nuna wa mahaifiyata hoton a waya, na yi mata misali da ruwan Matsirga. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, ɗana, wanda ya wuce wurin nan, ina yake zuwa?" Na ce mata, "Mama, wannan tambayar ce manyan masanan duniya ke kai har yanzu." Ta yi dariya ta ce ashe su ma suna da abin da ya fi ƙarfinsu.

Abokina Bakano kuwa, wanda ya tambaye ni ramin gafiya, ina jiran martaninsa a fitowa ta gaba. In yana da sunan da ya fi "dunƙulen duhu", ni ne farkon wanda zai karɓa, in dai ba shi da ƙugiya. Allah ya sa mu dace.