Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A ranar 21 ga Janairu, 2012, wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska ya iso tsibirin Sint Maarten a tekun Karebiyan. Mutum ɗaya ne a cikinsa: Laura Dekker, 'yar ƙasar Holan, mai shekara 16, wadda ta kewaye duniya ita kaɗai. Ta tashi daga Jibralta a watan Agusta na 2010 tana da shekara 14. Mutanen ƙasarta sun rabu biyu a kanta, kuma mu ma haka za mu rabu: masu cewa jarumta ce, da masu cewa iyayenta ba su san zafin haihuwa ba. A ganina duka ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da ya fi cancantar mu duba shi ne shekarar da ta gabaci tashinta.

A 2009, da ta bayyana niyyarta, hukumar kula da yara ta kai maganar kotu, kotu kuma ta hana tafiyar. Me hanin ya haifar? A watan Disamba na shekarar yarinyar ta sulale daga gida, sai a can Sint Maarten aka gano ta, aka dawo da ita. Abin da ya yi aiki shi ne sharuɗɗan da aka gindaya mata: ta samo jirgin da ya fi na farko girma, ta koyi taimakon gaggawa, ta saba da ƙarancin barci. Ta cika su, kotu ta sakar mata mara a watan Yuli na 2010. Kada kuma a manta cewa a cikin jirgin ruwa aka haife ta, a Niyu Zilan, kuma tana da shekara 13 ta riga ta tuƙa jirgi ita kaɗai daga Holan zuwa Ingila. Ko a kan hanya, da ta auna haɗarin 'yan fashin teku na gaɓar Somaliya, sai ta bar hanyar Bahar Maliya ta zagaya ta Afirka ta Kudu. Wannan ba aikin ganganci ba ne.

'Yan'uwa, mu ne mutanen da bai kamata su raina mafarkin tafiya ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ayari ya fuskanci gabas, har suka sauka a bakin kogin nan kusa da Sinnar, garin ya ɗauki sunansa. Bayansu alhazai sun yi ta biyo hanyar a ƙafa, wasu shekara da shekaru, suna noma da tsinkar auduga a Jazira don tara guzuri, kafin su isa Sawakin su ƙetare zuwa Jidda a jiragen katako. Amma a dubi yadda suka yi tafiyar: da jagora, da zango sananne, da sana'a a hannu, da addu'ar iyaye. Wanda ya tashi, an san ya tashi.

Yau fa? Tun rikicin Damazin da Rusairis na 2022, da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya ci Madani da Sinja, makarantu suka rufe, gonaki da yawa suka kwanta. Yaro ɗan shekara 16 yana da buri irin na kowane yaro a duniya: karatu, ƙwallo, sana'a, ko dai ya ga abin da ke bayan kogi. Ya faɗa a gida, aka ce masa ya rufa wa mutane baki. Sai ya daina faɗa. Mai safarar mutane kuwa ba ya yi masa tsawa, sauraronsa yake yi, har ya kai shi Libiya ya ɗora shi a jirgin roba, cikin Bahar Rum da ta haɗiye dubban mutane a shekarun nan. Yaron da ya tashi yana iyo a kogi yana zaton ya san ruwa, alhali kogi yana da gaɓa biyu da ido ke gani.

Ba cewa nake a tura yara teku ba. A 2010 ɗin nan wata 'yar Amurka, Abby Sunderland, ita ma mai shekara 16, igiyar ruwa ta karya mata jirgi a tsakiyar tekun Indiya, da ƙyar wani jirgin kamun kifi na Faransa ya ceto ta. Tsoron iyaye yana da tushe. Haka nan Laura tana da fasfon da ke buɗe mata kowace tasha, da masu ɗaukar nauyinta, da na'urar da ke nuna inda take dare da rana. Ɗanmu ba shi da ko ɗaya. Amma wannan gibin shi ne ya sa shiri ya fi wajaba a kanmu fiye da su.

Don haka in yaro ya zo ya ce, "Baba, ina so in tafi," kada a kore shi, kada kuma a yi masa dariya. A zaunar da shi a tambaye shi: ina za ka, wa ka sani a can, me hannunka ya iya? In babu amsa, a ba shi shekara guda ya nemo ta, a haɗa shi da kawunsa da ya taɓa zaman Bur Sudan ko Jidda ya gaya masa gaskiyar abin da ke can, har da wulaƙancinsa. A nema masa takardu, ko da za a sayar da tunkiya. 'Ya mace ma tana da nata burin, ko da ba ya wuce Jami'ar Jazira, kuma ita ce aka fi saurin rufe wa baki. Mahaifin Laura bai tsaya a gaɓa yana ɗaga mata hannu ba. Shiga jirgin ya yi, suka tuƙa tare daga Holan har Fotugal suna gwada kowace igiya, sannan ya sauka.