RA'AYINMU: WA MUKE DANƘA WA JINYAR IYAYENMU?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan wata mun ga ya dace mu yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shigo gidajenmu a hankali har ya zama ruwan dare, wato ɗaukar mai jinya da zai zauna da tsoho ko maras lafiya dare da rana. A da, lokacin da ake zaman gandu, mutum yakan tsufa a tsakiyar 'ya'ya da jikoki da surukai, ba ya rasa mai ɗaga shi ko mai miƙa masa buta. Yau kuwa neman abinci ya rarraba 'ya'ya, wannan yana Abuja, wancan yana Legas ko Fatakwal, mata suna gidajen aurensu, an bar tsohuwa a gida da hawan jini ko ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki. Ba mu zargin wanda ya nemi mataimaki a irin wannan hali. Abin da ke damunmu shi ne sakacin da ake yi wajen zaɓen. Mutum zai sayi tsohuwar mota sai ya kira bakanike ya duba ta ciki da waje, zai aurar da 'yarsa sai ya yi watanni yana bincike, amma wadda za ta yi wa mahaifiyarsa wanka ta ba ta magani, da kiran waya ɗaya ga dillaliya an gama magana.

Ɗaukar mai jinya da lada halal ne, yana cikin babin ijara da malaman fiƙihu suka yi bayaninsa. Sai dai wajibi ne mu fahimci cewa aikin ake wakiltawa, haƙƙin kuwa yana nan a wuyan 'ya'ya. A Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah Ya haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Shi da bauta, kuma Ya keɓe lokacin tsufansu da ambato. Sayyidina Usman bin Affan (RA) bai halarci yaƙin Badar ba a shekara ta 2 bayan Hijira saboda jinyar matarsa Ruƙayya (RA), kuma Manzon Allah (SAW) ya ba shi lada da rabon wanda ya halarta. Haka nan da aka ji wa Sa'adu bin Mu'azu (RA) rauni a yaƙin Handaƙ a shekara ta 5, an ajiye shi a hemar Rufaida (RA), wadda ta san aikin jinya, a cikin masallaci, domin Annabi (SAW) ya riƙa duba shi daga kusa. A nan akwai darasi biyu: a miƙa maras lafiya ga wanda ya iya, kuma wanda ya miƙa ɗin kada ya yi nisa.

Ma'aunin zaɓen kuwa Alƙur'ani ya riga ya ajiye mana shi a Suratul Ƙasas. Wani dattijo ne a Madyana tsufa ya hana shi fita, har 'ya'yansa mata biyu suke kai dabbobi mashaya. Da ɗayarsu ta ba shi shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, a aya ta 26, siffofi biyu ta kafa hujja da su, ƙarfi da amana. A aya ta gaba dattijon ya yanke wa'adin shekara 8, ya bar cikon 10 ga zaɓin Annabi Musa, ya kuma yi alkawarin ba zai tsananta masa ba. Duk wanda zai shigo da wani gidansa don hidimar tsoho, ya auna shi da wannan sikeli, shi ma ya auna kansa da halin wancan dattijo.

Ƙarfi a aikin jinya ya haɗa ƙarfin jiki da sanin aiki. Wanda ciwo ya kwantar yana bukatar a riƙa juya shi kamar kowane awa 2, in ba haka ba gyambon kwanciya ya kama shi a ƙugu da duwawu da diddige, kuma gyambo ne mai wuyar warkewa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba a ba shi abinci a kwance, sai an zaunar da shi, domin abinci yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, idan ya fara gumi da rawar jiki da ruɗewa, mai yiwuwa sugansa ne ya faɗi, kuma idan yana cikin hayyacinsa sai a gaggauta ba shi abu mai zaƙi kafin a nufi asibiti. Saboda haka a tambayi mai neman aikin: wa ka taɓa yi wa jinya, tsawon wane lokaci, me ya raba ku? Kana iya karanta sunan magani da lokacin shansa? A sa shi ya ɗaga maras lafiyan daga gado zuwa kujera a gaban idon 'yan gida. Idan mai hankali ne amma bai san aikin ba, a ɗauko ma'aikacin jinya na asibiti ya koya masa na 'yan kwanaki. Kuma a duba lafiyarsa shi ma, musamman tarin da ya wuce mako 2, domin tarin fuka yana saurin kama jikin da tsufa ya raunana.

A nan ne za mu yi kakkausar magana a kan wata mummunar ɗabi'a, wato ɗauko yarinya 'yar shekara 10 ko 11 daga ƙauye a ce ita za ta kwana da tsohuwa. Wannan zalunci ne ga ɓangare biyu. Yarinyar an raba ta da iyayenta da karatunta, sau da yawa ma ladan nata a hannun dillaliya yake ƙarewa. Tsohuwar kuma an bar ta da wadda ba za ta iya ɗaga ta ba idan ta faɗi a banɗaki cikin dare. Dokar hana fataucin mutane ta Nijeriya ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Mu kuwa muna ganin jinyar tsoho aikin baligi ne mai cikakken hankali.

Amana ba a gane ta da fuska, ko da yawan ambaton Allah a baki. An ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani mutum a gaban Sayyidina Umar (RA), sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko ya taɓa tafiya da shi, ko harkar kuɗi ta taɓa haɗa su. Da ya amsa da a'a, sai Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. Irin wannan bincike muke nufi. A je unguwar mai neman aikin da ƙafa, a ga mai unguwa da limami da maƙwabta. A nemi gidan da ya yi aiki a baya a ji ta bakinsu. A karɓi lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, a samu mutum biyu sanannu su tsaya masa. Ko ta hannun kamfani aka samo shi, wannan bai ɗauke wa 'yan gida nauyin bincike ba.

Sannan akwai iyakokin shari'a da ba za a tsallake ba. Jinya aiki ne da ya shafi tsarki da wanka da ganin al'aura, don haka asali mace ta yi jinyar mace, namiji ya yi jinyar namiji, sai fa wata lalura, ita ma gwargwadonta. Kada a ɗauki budurwa a ce ta kwana ɗaki ɗaya da dattijon da ba muharraminta ba da hujjar ai ya tsufa, kada kuma a shigo da saurayi cikin gida a tsakanin matan aure da 'yan mata ba tare da an ware masa wurin kwana da hanyar shiga ba. Rufaida ma a masallaci hemarta take, a idon jama'a. Ya kyautu kuma mai jinyar ya kasance wanda zai tuna wa tsoho lokutan salla, ya taimaka masa da alwala ko taimama, ya juya shi ya fuskanci alƙibla, kuma yana jin harshensa.

Kada a manta da mai jikin. Matuƙar tsoho yana cikin hankalinsa, shawararsa ce gaba, domin jikinsa za a taɓa, sirrinsa za a gani. A ba su wata guda na gwaji a ga ko jininsu ya haɗu. Wanda kuma ya ga shekaru sun ja, ya zauna da iyalansa tun yana da lafiya ya faɗi irin wanda yake so ya kula da shi da inda za a ɗauki kuɗin, kada a bari sai ciwo ya rufe baki a zo ana jayayya.

Idan an dace da mutum, sai a cika masa haƙƙinsa. A Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu, an sharɗanta wa ijara a yanke wa'adi kuma a ambaci lada. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: aikin da zai yi, albashinsa da ranar biya, abincinsa, wurin kwanansa da ranar hutunsa. Kada a ɗauki mace don jinya a wayi gari ita ce mai girkin gida da wanki da reno. A watan Yulin 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya Naira 70,000, kuma ko da yake dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta isa ta zama abin dubawa ga mai tsoron Allah. Yarjejeniya ta 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2011, ta tanadi hutun awa 24 a jere kowane mako ga ma'aikacin gida. Sunna ta riga ta hana ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa, ta yi umarni a ciyar da shi daga abin da ake ci, kuma a Sahihul Buhari an ambaci wanda ya ci gumin ma'aikaci cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Wanda bai yi barci ba, ba a biya shi ba, ana kuma hantararsa, a kan tsohon da ba ya iya kare kansa zai huce.

Bayan duk wannan, ido ba zai ɗauke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama sun gamu da wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda. 'Ya'ya su raba kwanaki a tsakaninsu, su riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba, su duba bayan maras lafiya da shimfiɗarsa, su ƙirga magani, su lura da rama ko tabo ko tsoron da bai saba yi ba, su keɓe da shi su ji ta bakinsa. Katin cirar kuɗi da lambar sirrinsa da takardun gida su zauna a hannun ɗa ɗaya amintacce. Amma a yi adalci: wanda gigin tsufa ya kama yakan ajiye abu ya manta sannan ya ce an sace, don haka kada a tozarta bawan Allah da zato kafin a tabbatar.

Daga ƙarshe muna kira ga kwamitocin masallatai da makarantun matan aure da 'yan agaji da su haɗa kai da likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu, a koya wa zawarawa da matasa masu natsuwa wannan aiki, a ajiye sunayen waɗanda aka shaida a kowace unguwa. Da haka gidaje za su samu amintattu, mabukata kuma su samu sana'ar halal. Mu tuna cewa yadda muka zaɓa wa iyayenmu yau, 'ya'yanmu suna kallo, kuma su ne za su zaɓa mana gobe idan Allah Ya ja kwana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke raye, Ya sa mu gama da duniya lafiya.