Tawada Ta Zube? Kar Ki Yage Shafin

Ran Asabar ƙanwata ta zo min da hawaye, wai lalle ya ɗiga a littafin sirrinta, za ta yage shafin. Na ce ke, ajiye!

Da ni ma haka nake. Shafi ɗaya ya ɓaci sai in jefar da littafin, har na yi kusan shekara ban rubuta komai ba don tsoro. Labarin Frida Kahlo, mai zane 'yar Meziko, shi ya dawo da ni. Daga 1944 har rasuwarta a 1954 tana rubuta littafin sirri, in tawada ta zube sai ta bi tabon da alƙalami ya zama fuska ko dabba. An buga shi a 1995, da tabon da komai.

Muka baje a tabarma. Tabon lallen ya zama fure, ta liƙa ƙyallen atamfar sallarta a gefe da ƙaro. Ki dai bari ya bushe kafin ki rufe, in ba haka ba shafukan su manne. Kuma ban da littafin makaranta, kar Malam ya ce ni na sa ku!