Tsohuwar Kwamfuta A Aljihun Akawu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malamai a kan wani abu da ya same ni a ofis watan jiya.

Wani dattijo ya zo mana, tsohon masinja, wanda ya bar aiki tun ina firamare. Ana tantance masu karɓar fansho, aka ce ya kawo shaidar ranar da aka ɗauke shi aiki da albashinsa na ƙarshe. Fayil ɗinsa na takarda kuwa gara ta riga mu. Ya yi zuwa uku, kullum a ce ya dawo. A na huɗu ya tsaya bakin teburina ya ce, "Ɗana, ashe shekara 35 da na yi a nan ba a rubuta ba?" Na ce, "Baba, an rubuta, sai dai mu nemo inda aka sa."

An rubuta ɗin kuwa. A ƙasan kabad na tarar da kwali cike da faifan fulofi, ƙananan nan masu inci uku da rabi, na lissafin albashin shekarun 1990. Na ari na'urar karanta fulofi mai shiga ramin USB, na kwashe abin da ke ciki. Daga cikin 14, uku sun mutu. Sauran sun kwasu lafiya, amma manhajar albashin da ke tare da su, wadda ita kaɗai ta san ma'anar lambobinta, ta ƙi tashi. Dalili kuwa, an rubuta ta ne don DOS, watau tsarin da ya fito tare da kwamfutar IBM PC a 1981, Windows na yanzu mai bit 64 kuwa ba ya tafiyar da manhajar DOS. Kamar ka miƙa wa yaron da boko kaɗai ya sani wasiƙar ajami ne. Wasiƙa lafiyarta lau, mai karantawa ne babu.

To, a nan makwaikwayi ya ke shigowa. Makwaikwayi manhaja ce da ke sa sabuwar kwamfuta ta yi shigar tsohuwa. Wanda na yi aiki da shi sunansa DOSBox, wasu mutanen Holan suka fito da shi a 2002, kyauta a ke ba da shi. Yana kwaikwayon ƙwaƙwalwar tsohuwar na'ura da allonta da sautinta, har da DOS ɗin kansa. Da tsohuwar manhaja ta shiga ciki sai ta zaci gida ta dawo, ta kama aiki ba gardama.

Mai karatu zai ce, to me ya kawo filashi cikin maganar? A ofishinmu an hana girka kome a kwamfutocin aiki, dokar kuwa daidai ce. Shi DOSBox ba sai an girka shi ba, daga foldarsa ya ke tashi. Saboda haka na sa shi cikin filashi sabo ful, na kai wa babban akawu, ya duba ya ba ni izini. Kada wani ya tsallake wannan izinin, don ta filashi cuta ta fi shiga kwamfutocin ofisoshinmu. Wuri kuwa ba abin damuwa ba ne: fulofi guda megabait 1.44 ya ke ɗauka, watau filashi mai gigabait 16 ya haɗiye fulofi sama da 11,000.

Ga yadda na shirya. A foldar DOSBox na buɗe wata ƙaramar folda na sa mata suna dos, na zuba kwafin faifan nan a ciki. Kwafi na ce, jama'a, na asali na mayar da su kabad na kulle. Sa'an nan na ajiye fayil ɗin umarni mai suna dosbox.conf kusa da manhajar, don duk kwamfutar da na je ya bi ni. A ƙarshensa akwai wurin rubuta abin da za a yi da zarar an tashi. A nan na yi tuntuɓe. Na gwada a gida, inda kwamfutata ta kira filashin E, ni kuwa na rubuta E cikin umarnin. Da na zo ofis na tara mutane su ga abin mamaki, kwamfutar ofis ta kira shi F, aka ce babu wannan folda. Na sha kunya. Maganin ashe kada ka ambaci harafin filashin sam, ka rubuta mount c dos kawai, shi zai nemi foldar a inda ya ke zaune. In tsohuwar manhaja ta cika gaggawa, Ctrl da F11 na rage mata gudu, Ctrl da F12 na ƙarawa. Ctrl da F9 kuwa rufe kome ya ke yi nan take ba sallama, a kiyaye.

Ran Laraba da hantsi shuɗin allon nan ya bayyana. Na buga lambar Baba, sai ga sunansa, ga ranar ɗauka, ga mataki, ga albashi. DOSBox na asali ba ya magana da firinta, sai na danna Ctrl da F5, ya ɗauki hoton allon, na buga hoton a takarda, babban akawu ya sa hannu da hatimi. Dattijon ya riƙe takardar da hannu biyu, ya daɗe yana dubanta, ko da ya ke ba ya karatu. Lalle da tsohuwar zuma a ke magani.

Amma fa akwai inda ba na tare da wasu abokan aikina. Da suka ga abin ya yi, sai suka ce a bar lissafin a filashin, duk mai bukata a soka a duba. Ni ban yarda ba. Masu DOSBox don wasannin kwamfuta na dā suka yi shi, ba su ɗauki alkawarin tsare lissafin kowa ba. Filashi kuma mabuɗi ne, ba rumbu ba. In ya shekara da shekaru a ajiye yakan zubar da abin da ke ciki, in an fizge shi ana cikin rubutu fayil ya lalace, ga shi ƙanƙane, ya faɗi a cikin Keke Napep ba ka ji ƙararsa ba. Abin da ke ciki kuwa albashin mutane ne da sirrinsu, amana ce. Don haka na roƙi a ba ni awa biyu kowace Alhamis, ina kwashe sunayen ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon jadawali, ana buga kwafi a takarda. Filashin a akwatin ƙarfe na ofis ya ke kwana.

Saura abu guda. A kwalin nan akwai manyan faifai biyu masu inci biyar da kwata, waɗanda na'urar da na ara ba ta karɓa, ina kuwa zaton na shekarun 1980 ne. In akwai mai karatu da ke da tsohuwar kwamfuta mai ramin irinsu, kuma tana tashi, don Allah ya aiko wa Edita.

Naka,
Akawun Albashi